Kwali suka fi mu, ba daɗi ba

Hajiyarmu ta aiko min da tuwon madara da kantun riɗi daga Kano, na ɗiba a farar ledar da suka zo ciki na kai wurin aikinmu a nan Bern, babban birnin Suwizalan. A teburin shayi akwai cakulan da wani ya kawo. Kafin la'asar an cinye shi tas. Nawa kuwa, mutum ɗaya ne ya ɗaga ledar, ya juya ta, ya tambaya ko akwai takardar da ke nuna abin da aka haɗa, ya ajiye. Wallahi abin ya sosa min rai, don ko ɗanɗanawa ba su yi ba.

Sai kun ga yadda mutanen nan ke naɗe cakulan. Ɗauki Toblerone, wanda Theodor Tobler ya fara yi a garin nan a 1908. Dogon kwali ne mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa, da jan rubutu ɓaro-ɓaro. Ka ɓalle bakinsa, ka tarar da siririyar takarda mai ƙyalli kamar azurfa, tana ƙara in ka yaga ta. Ciki kuma ƙananan tsaunuka ne a jere, ka danna ɗaya da babban yatsa ya karye ƙas. Tun bai kai baki ba yawu ya tsinke. Ido da kunne da yatsu sun riga harshe ci, shi ya sa in ya zo nasa aikin ba ya musu.

Kuma ba sa wasa da wannan. A 2016 kamfanin ya faɗaɗa tazarar da ke tsakanin tsaunukan a Birtaniya, mai giram 170 ya koma 150. Haɗin bai sauya ba, amma jama'a suka yi caa, har a 2018 aka maido da tsohuwar siffar. A 2023 kuma dole aka cire hoton dutsen Matterhorn daga kwalin, saboda an mayar da wani ɓangare na aikin Slovakia, dokar Suwizalan ta 2017 kuwa ba ta yarda a liƙa alamun ƙasar a kan abin da bai cika sharuɗɗanta ba.

Na yarda, mai tambayar nan yana da hujja, akwai waɗanda riɗi ko madara ke tayar wa da ciwo. Amma kada wani ya ce mana ba mu san naɗi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar goro ta Mariri a Kano aka kwance huhun goro a gabansa, ganye shar da sanyinsa, goro ja da fari na sheƙi, ya san kakanninmu sun iya tun zamanin fataucin Gonja. Leda ce ta zo ta lalata mu, muka riƙa zuba abin kirki cikin abin da ake tsinta a kwata.

Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne, itacen koko, wanda ake yin cakulan da 'ya'yansa, ko ɗaya ba ya tsiro a ƙasar nan. Fiye da rabin kokon duniya daga Ghana da Kwaddibuwa yake fitowa, ga namu na Ondo da Kuros Riba. Manomi ya fasa, ya shanya, ya ɗura a buhu, jirgi ya kwashe. A nan a narka, a zana dutse a kwali, a kafa doka ta tsare dutsen, kuɗin kuma ya zauna a nan.