A fara da salular malami kafin a yi zancen raba wa yara tablet

Duk taron bitar da aka shirya kan koyarwa da intanet, sunayen da ake fara jerowa su ne Google Classroom da Kahoot. Manhajoji ne masu kyau, amma waɗanda suka ƙirƙire su sun ɗauka kowane ɗalibi na da na'ura a gabansa, wuta ba ta ɗaukewa, rezo kuma tsaye yake. Kahoot, wanda ya fito daga Norway a 2013, wasan tambaya da amsa ne: malami ya haska tambaya a bango, yara su danna amsa a wayoyinsu. To a kai shi ajin zana a karkarar Bouza ko Keita, a jihar Tahoua ta Nijar, inda yara ke zaune kan tabarma da allo da alli, a gaya mini wa zai danna me.

Na'urar da ta riga ta shiga lakwal ɗinmu guda ce, salular da ke aljihun mushe. A kanta ya kamata hukuma ta gina shirinta, da manhajojin da ake saukewa sau ɗaya su yi ta aiki ba intanet. GeoGebra kyauta ce. Malamin lissafi na kwaleji zai ja kusurwar alwatika da yatsa, ya ga yadda sauran ke canjawa, kafin ya zana a tablo. PhET ta Jami'ar Colorado a Amurka na kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya, a haɗa batir da waya da ƙwan fitila, abin da kwalejin da ba ta da ɗakin gwaji ba za ta iya nunawa ba. Kiwix na ɗauke Wikipedia a katin waya. Darussan Khan Academy ma akwai su da Faransanci. Mutum ɗaya ya sauke su a cikin garin Tahoua, inda rezon Airtel ko Moov ko Zamani ke da ƙarfi, ranar taron CAPED, inda malamai ke haɗuwa don ƙara wa juna sani, ya tura wa 'yan uwansa ta manhajar Xender mai tura abu daga waya zuwa waya, ko dala ba a kashe ba.

Za a ce fuskar salula ta yi wa cikakken aji ƙanƙanta. Haka ne. Amma yawancin amfaninta kafin a shiga aji yake, da dare, lokacin da malami ke shirya darasin gobe. Da yawa cikin malaman kwantiragi an ba su aji ba tare da dogon horo ba, kuma wanda ya fahimci darasi sosai da alli kaɗai ma zai koyar da shi.

Malaman sun riga hukuma farawa. A zaurukan WhatsApp suna musayar tsofaffin tambayoyin jarrabawar BEPC da BAC da takardun shirya darasi, da forfen da suke saye daga ɗan abin da ake biyansu. Matsalar ita ce ba mai tacewa. Amsar da ke da kuskure na iya zaga jihar nan kaf kafin wani ya lura. Nan ne aikin INDRAP, cibiyar ƙasa mai bincike da tsara kayan koyarwa, da sufetoci yake: su fitar da kundin da aka tantance, daidai da tsarin karatun Nijar, mara nauyi yadda ƙaramar waya za ta ɗauka.

Ga kuma harshe. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, amma bidiyon koyar da karatu ko lissafin firamare da Hausa, balle Tamajak ko Fulatanci, sai an tona. Ɗaliban makarantar horon malamai ta Kaocen da na Jami'ar Djibo Hamani za su iya naɗar gajerun darussa da muryarsu, a lissafa musu cikin aikin kammala karatu.

Nijar ta taɓa gwada koyarwa ta talabijin tun 1964, tun yawancin ƙasashen Afirka ba su yi tunanin abin ba, amma shirin bai game ƙasa ba. Wuta kuwa, kowa na tune da 2023, da Najeriya ta katse layin da muke dogaro da shi. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ba za ta haska kowane aji a Adar ba. Kafin a sa hannu a wata kwangilar tablet, a ba kowace makaranta ƙaramin faifan sola na cajin waya, a kuma ɗauke wa malami kuɗin forfe na wata.