Nasiha Ga Ma'aikatan Jinya Masu Shirin Tafiya Ingila: A Yi Lissafin Wata Ukun Farko

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yawancin masu shirin tafiya aiki Ingila hankalinsu yana kan jarrabawa da biza ne kawai. Da an ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, an haye CBT (jarrabawar ilimin jinya ta kwamfuta), asibiti ya turo takardar ɗaukar nauyi, sai a ɗauka an gama. Alhali inda mutane suka fi shan wuya shi ne daga ranar sauka zuwa ranar da cikakken albashi zai fara shiga, kuma wannan tazara takan kai wata uku ko fiye.

Dokar biza ta ce fam 1,270 su kwana 28 a jere a asusunka, sai dai idan mai ɗaukarka aiki ya rubuta cewa ya ɗauke maka. Mata ko miji fam 285, ɗan fari 315, kowane yaro bayansa 200. Don Allah kada ku ɗauki wannan a matsayin guzurin zama, sharaɗin biza ne kurum. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu aro su zuba a asusu, biza na fitowa su mayar wa mai su, su hau jirgi aljihu wayam.

Gida kaɗai ya isa misali. Doka a Ingila ta yarda mai gida ya karɓi kafin alƙalami na hayar mako ɗaya, da kuɗin jingina har na mako biyar, ga hayar watan farko. A ce ɗaki ka samu na fam 600 a wata: jinginarsa ta kusa 700, ka haɗa da haya, ka tashi wajen 1,300 ba ka sayi ko bargo ba. Sannan baƙo ba shi da tarihin biyan kuɗi a ƙasar, don haka dillalai da yawa sai sun nemi wanda zai tsaya maka. Idan asibitinku ya yi alkawarin masauki, a tambaya mako nawa ne, kyauta ne ko cirewa za a yi a albashi, kuma amsar ta zo a rubuce. Kada a tura wa kowa ko sisi kan hoton ɗaki a Facebook, sai an shiga an gani da ido. Bayan an biya jingina, wajibi ne mai gida ya saka ta a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ka neme ta, ita ce makaminka ranar tashi.

Albashi kuwa a ƙarshen wata yake zuwa, kuma ba wanda ka gani a talla ba ne. Kafin ka ci OSCE, wato jarrabawar gwada aikin jinya a aikace, hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta ƙasar (NMC) ta ba ka lambar rajista, a matakin ƙasa za a riƙa biyanka. Ana so ka zauna jarrabawar cikin mako 12 da fara aiki, ka kammala rajista cikin wata takwas. Faɗuwa a zaman farko ba baƙon abu ba ne, saboda haka tun kana gida ka san wa zai biya zama na biyu. A cikin yarjejeniyar aiki kuma akwai sakin layin da ba a cika karantawa ba, wanda ke cewa in ka bar aikin kafin shekara kaza za ka mayar da kuɗin jirgi, biza da horo. A san adadin, a san yadda yake raguwa, kafin a sa hannu.

Takardar albashin farko ta cancanci a zauna a karanta ta layi-layi. Fam 12,570 na farko a shekara babu haraji a kansu, abin da ya biyo baya ana cire kashi 20 cikin ɗari, ga kuɗin inshorar ƙasa, ga fansho. Lambar harajin yawancin ma'aikata 1257L ce. In ka ga BR ko 0T a aikinka na farko, ana yankarka fiye da ƙima, ka tuntuɓi hukumar haraji ta HMRC su gyara su maido maka. Daga abin da ya rage ne za a biya harajin ƙaramar hukuma na gida, da wuta da gas, wanda ke tashi sosai daga Nuwamba zuwa Maris.

A tuna bizar nan ba ta ba ka damar karɓar tallafin gwamnati. In aiki ya ƙare, yawanci kwana 60 ake bayarwa ka sami wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar. Duk kuma wanda ya ce zai sayar maka da takardar ɗaukar nauyi, ɗan damfara ne, ko da a masallaci ɗaya kuke salla. Tun Yulin 2025 ma aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, amma har yanzu ana karɓar miliyoyin kuɗi a hannun mutane da sunan wannan hanya.

Batun iyali, shawarata mutum ya fara yin gaba shi kaɗai, ya ci OSCE, ya kama gida, sannan su biyo. Makarantar gwamnati kyauta ce, amma renon yaron da bai isa shiga ba yana iya cinye rabin albashi, ga aikin dare na awa 12, ga babu kaka babu ƙanwa. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida kan jawo hukuma har ƙofa. Mai mata fiye da ɗaya ya sani ɗaya kawai biza za ta ɗauka, a yi wannan magana da gaskiya tun da wuri. Sannan a zauna da iyaye da 'yan uwa a faɗa musu cikin ladabi cewa wata shida na farko ba za a iya aike ba. Kunyar faɗin haka ce ke jefa mutane cikin katin bashi mai ruwa.

Takardu su zama suna ɗaya, rubutu ɗaya. Muhammad a fasfo, Mohammed a shaidar makaranta, ko ranar haihuwa iri biyu, kan tsayar da rajista makonni. A gyara a gida. Shaidar gwajin tarin fuka wata shida take aiki, kuma sai daga asibitin da aka amince da shi. Lasisin tuƙin Najeriya wata 12 yake yi a can kuma ba a musanya shi, don haka a fara neman nasu da wuri. Kilishi, dambun nama da man shanu duk an hana shiga da su, a filin jirgi za a ƙwace. A cika jakar da yaji, kuka da busasshiyar kuɓewa, rigar sanyi mai kauri kuwa a bari a saya a can.