An miƙa ƙasa, an bar mutanenta a rana

Wai don Allah mutum kara ne da za a sayar da gona a haɗa da shi? Tun da kotun duniya ta yanke hukunci a Oktoban 2002 kan rikicin iyaka tsakanin Najeriya da Kamaru, bakin kowa na kan Bakassi, saboda ana zancen mai. Masuntanmu da ke Darak, can bakin tafkin Chadi, ba wanda ya waiwaye su. A Disambar 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da 30 na wannan yanki, aka sauke tuta, manya suka sha hannu, kowa ya shiga motarsa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu nan Zariya, da bandar kifi ya riƙe gidansa shekara da shekaru. Ya tattaro iyalinsa ya dawo, don a can Darak an ce shi baƙo ne, sai ya yanki takardar zama. To a nan fa? Ɗansa da aka haifa a Darak ya je neman takardar shaidar asali don shiga makaranta, aka ce ya koma inda aka haife shi. Ina zai koma, jama'a? Garin yanzu na wata ƙasa ne! Tsohon nan ya tsaya a bakin ofis yana "ranka ya daɗe" ga yaron da bai kai ɗan cikinsa ba, aka ce ya dawo gobe. Kuma mun san goben ma'aikata.

Abin da ya fi ƙona min rai, su ma mutanen Bakassi da aka rubuta musu haƙƙi, me suka gani? Yarjejeniyar Greentree da Obasanjo da Paul Biya suka sa wa hannu a 2006 ta ce ba za a kore su ba, ba za a tilasta musu sauya ƙasa ba, za su ci gaba da noma da kamun kifi, ba za a ɗora musu harajin wariya ba. Aka kammala miƙawa a Agustan 2008, sai ga mutane a sansanonin jihar Kuros Riba suna jiran matsuguni. Majalisar Dattawa ta yi ta kumfar baki a 2007, bayan an riga an sa hannu.

Ba mu ce a kwato ƙasa ba, hukunci ya hau. Amma wanda ya zaɓi Najeriya a ba shi takardarsa, a bar yaron nan ya shiga aji.