Tsirya Fa Ba Jaririn Aku Ba Ce

Mutane da yawa in sun ga koriyar tsuntsuwar nan mai jan baki da dogon wutsiya a keji sai su ce ai ɗan aku ne, in ya girma zai rikiɗe ya koma ruwan toka ya fara magana. A'a wallahi, ko shekara ashirin ta yi a gidanka koriya za ta mutu. Aku mai jar wutsiya ɗan dajin kurmi ne, kudancin Najeriya da Kamaru da Kongo, ita kuwa tsirya 'yar fili ce, daga Senegal har Sudan ake samunta, akwai ta a Indiya ma, tsawonta kusan santimita 40 amma fiye da rabi wutsiya ce.

A kogon bishiya take ƙwai, kuma manoma sun san ta sarai don in garkensu ya sauka a gonar dawa ko gero da kuka ƙiiƙii sai dai haƙuri. Wannan zoben baƙi da ruwan hoda a wuya, namiji ne kaɗai ke da shi kuma sai ya balaga yake fitowa, shi ya sa mai sayarwa zai iya ba ka ƙaramin namiji ya ce mace ce, shi ma bai sani ba.