Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Makon jiya wani abokina ya kira ni da daddare, muryarsa na rawa, ya ce matarsa na asibiti, likita ya ce sai an yi mata aiki. Na ce masa, "Kada ka damu, ɗan'uwa, zan sa ku a addu'a." Muka yi sallama, na ajiye waya, na ci gaba da kallon ƙwallo. Sai bayan kwana uku, da ya turo saƙo wai an yi aiki lafiya, yana godiya da addu'o'inmu, na tuna ko sau ɗaya ban buɗe baki ba. Na rubuta masa "Ɗaukaka ga Ubangiji", kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san ba ni kaɗai ba ne. "Zan sa ka a addu'a" ta zama kamar "sai an jima" a bakinmu, abin rufe hira. A Facebook kuwa, a saka hoton majinyaci, amin ta yi ta zuba kamar ruwan Agusta, kowa ya danna ya wuce. Da na zauna ina tuhumar kaina, na ga lalaci ba shi ne tushen abin ba. Ba ka nema wa wani alfarma a gidan da kai ma in ka yi sallama sai an tambayi ko wane ne. Na daɗe ban zauna da Ubangiji don kaina ba, ina zan iya kai masa maganar wani?

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki, Farawa sura 18. Kafin Ibrahim ya ce uffan a kan Saduma, birnin da za a hukunta saboda muguntarsa, Allah ne ya fara magana, yana tambayar kansa ko zai ɓoye wa Ibrahim abin da yake shirin yi. Iyayenmu suka ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Abin da ya faru ke nan a Mamre, inda Ibrahim ke zaune. An gaya wa Ibrahim labarin da ba a gaya wa kowa ba, shi kuwa bai ce "to, Allah ya kyauta" ya koma inuwa ba. Ya tsaya, ya matsa kusa, ya shiga ciniki.

Ciniki fa, irin na Kasuwar Kurmi. In akwai adalai 50 a birnin? Za a bar shi. In biyar suka kasa, 45 fa? Za a bar shi. 40? 30? 20? Yana yi yana ba da haƙuri, yana cewa shi ƙura ne da toka, kada Ubangiji ya yi fushi, sau ɗaya tak ya rage. Ya sauko har 10. Abin da ke ba ni mamaki kullum, ko sau ɗaya Allah bai ce masa "albarka" ba. Duk tayin da ya yi an sallama masa. Ibrahim ne ya daina tayi, mai kaya bai gaji ba. Har yau ina tambayar kaina me zai faru da ya ce biyar.

Bawa ba ya irin wannan magana da ubangidansa. Shi ya sa Ishaya 41:8 da Yakubu 2:23 suka kira shi abokin Allah. Maƙwabtanmu Musulmi ma Khalilullahi suke ce masa, daga nan sunan Halilu ya fito, birnin Hebron da kabarinsa yake kuwa Larabawa na kiransa Al-Khalil har gobe. Duk wani Halilu da kuka sani a unguwa, sunan wannan abota yake ɗauke da shi.

Amma kada a yi mini wa'azin cewa aboki duk abin da ya roƙa sai ya samu. Saduma ta ƙone. Sura 19 ta ce Ibrahim ya yi sammako ya koma daidai inda ya tsaya jiya, ya hango hayaƙi na tashi kamar na matoya. Lutu, ɗan ɗan'uwan Ibrahim, da 'ya'yansa mata biyu kawai suka tsira, nassin kuma ya ce don Allah ya tuna da Ibrahim ne. Ya roƙi birni, aka ba shi mutum uku. Yesu da kansa ya ce wa Bitrus ya yi masa addu'a, duk da haka kafin zakara ya yi cara Bitrus ya yi mūsun saninsa sau uku.

Kakata, a wani ƙauye kusa da Malumfashi, ba ta iya karatu ba. Tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 na kakanmu yana cikin akwatinta naɗe da zane, sai dai a karanta mata. Amma da asuba, kafin ta hura wuta, za ka ji ta daga ɗaki tana jero sunaye ɗaya bayan ɗaya: 'ya'ya, jikoki, matan zumunta, Bafulatanar da ke kawo mata nono, har da maƙwabcin da suka yi shekaru suna rigimar iyakar gona. Wani lokaci sai muryarta ta canza, ka ji ta ce, "Uba, ba haka muka yi da kai ba fa." Muna yara muna toshe baki muna dariya. Ran nan na ce mata, "Kaka, Allah kike yi wa faɗa?" Ta ce, "Kai ɗan nan, tun ba a haifi ubanka ba muke tare da shi." Wani kawuna da ta yi shekara da shekaru tana ambata, har ta rasu bai bar giya ba. Ba ta taɓa tsallake sunansa ba.

Yanzu mun mai da abin kamun ƙafa. Kana da matsala, sai ka nemi wani "mutumin Allah" mai layi kai tsaye, ka tura suna, ka tura ɗan abin sayen kati, shi ya shige maka ciki kamar yadda ake bi ta hannun yaron ɗan siyasa. Ban ce kada a nemi fasto ko dattawa su yi addu'a ba, Yakubu 5 ma ta ce a kira su. Abin da ke damuna shi ne mun yarda cewa mu 'yan zaure ne, wasu ne 'yan cikin gida. Alhali a Yohanna 15:15 Yesu ya ce ya daina kiran almajiransa bayi, domin bawa bai san abin da ubangidansa ke yi ba, abokai ya kira su, don ya gaya musu abin da ya ji daga wurin Uba. Maganar Mamre ce ta dawo, wannan karon ga masunta da mai karɓar haraji.

Ku dubi misalin Luka 11. Mutum ya yi baƙo da tsakar dare, gida ba ko loma, ya je yana buga ƙofar abokinsa yana neman gurasa uku. Ba don cikinsa ba, don baƙon. Mai gida ya ce an kulle, yara sun yi barci. Yesu ya ce ko bai tashi don abota ba, zai tashi don nacinsa. Gaskiya ne, amma wa ke da fuskar yin naci a ƙofar mutum ƙarfe biyun dare in ba wanda suka saba ba? Baƙo ya gwada, ɓarawo za a kira shi.

Sai kuma addu'ar da ta cika dare-daren addu'a namu yanzu, ta "wuta ta cinye su". Na san inda take fitowa. Wanda aka ƙone masa gida a Kudancin Kaduna ko Filato, ko uwar da ke jiran 'yarta tun daren 14 ga Afrilu 2014 a Chibok, ba ni da bakin gaya musu yadda za su yi kuka, Zabura ma cike take da irin wannan kukan. Da mu nake, masu kiran wuta a kan facala da abokin aiki da ya riga mu samun ƙarin girma. Mutanen Saduma ba 'yan ikkilisiyar Ibrahim ba ne, amma ya roƙa musu. Ayuba kuwa, abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi ta ɗora masa laifi yana zaune cikin toka yana susa da katangar fasasshiyar tukunya. A ƙarshe Allah ya tura su wurinsa da bijimai bakwai da raguna bakwai, ya ce Ayuba ne zai roƙa musu. Sura 42 aya 10 ta ce sai da ya yi wa abokan nan addu'a aka mayar masa da arzikinsa. Ni da za a ce in zaɓa, da na so a fara warkar da ni tukuna in ga ko zan iya.

An sallami matar abokina ranar Talata. Na je dubiya da lemo a leda, muka zauna a tsakar gida, na daure na gaya masa gaskiya, cewa godiyar da ya yi ban ci ta ba. Ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya har matarsa ta leƙo ta taga. Ya ce, "To ai ba a cire zaren ɗinkin ba tukuna, malam. Tashi mu shiga ciki."