Ƙuri'ar farauta a Amurka da ilimin dajin Kawuna

Wani abokin aikina a nan Pittsburgh, dattijo ne mai gyaran injuna, ya shigo wata safiya hannunsa na rawa, yana nuna wa kowa wayarsa. Na ɗauka jika aka haifa masa. Ashe sunansa ne ya fito a ƙuri'ar farauta, bayan shekara 19 yana nema. An ba shi izinin harbin dabba ɗaya tak, namiji, a yanki ɗaya, cikin kwanaki ƙididdigaggu.

Dabbar ita ce wadda suke kira elk. Ta ɗara gwanki girma, namijin yakan wuce kilo 300, yana ɗauke da ƙaho mai rassa kamar busasshiyar bishiya, ya zubar da shi kowace shekara wani ya tsiro. A jihar Pennsylvania an taɓa cinye ta ƙarƙaf, tun wajen 1870 da 'yan kai ba a sake ganin ko ɗaya ba. A 1913 aka fara ɗebo wasu daga gandun Yellowstone a jirgin ƙasa ana saki. An buɗe farautarsu, aka ga suna ƙarewa, aka rufe bayan 1931, ba a sake buɗewa ba sai 2001. Shekara 70 ke nan mafarauta na kallon nama yana kiwo a bayan gidajensu. Yau garken ya haura 1,000, kuma takardun izinin da ake bayarwa a shekara ba su kai 200 ba, masu nema kuwa dubun-dubata ne. Kamar dai ƙuri'ar bizar Amurka da muka sani, sai dai a nan duk shekarar da ka faɗi ana ƙara maka maki, sunanka ya shiga akwatin sau da yawa a shekara mai zuwa.

Abu na farko da abokina ya yi bayan murna shi ne neman ɗan jagora. Mutum ne da ya yi shekara 40 yana harbin barewa, amma ya ce min damar da ta zo sau ɗaya a rayuwa ba a wasa da ita. Ya biya dubban daloli. Da farko abin ya ba ni haushi, don a tarbiyyar da na taso, maharbin da aka riƙe wa hannu zuwa gaban dabba ba maharbi ba ne. Sai da na bi shi garin Benezette a watan Satumba, ranar da ya je ganawa da jagoran, ra'ayina ya fara canzawa.

Mun fita tun duhun asuba, hazo ya rufe kwari. Can sai wani kuka ya tashi, siriri kamar sarewa, ya ƙare da gurnani. Lokacin barbara ne, mazan na kiran juna faɗa. Jagoran bai ko ɗaga kai ba, ya ce wannan ƙarami ne, babban yana bayan tudu. Ya tsuguna ya murje kashin dabba a yatsunsa, ya ce na daren jiya ne. Ya nuna mana wata ƙaramar bishiya da aka saɓe wa ɓawo da ƙaho, ya auna tsayin wurin da kafaɗarsa. Sai ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya matsa, farin gari ya fita, ya bi shi da ido ya ga inda iska ta nufa.

A nan jikina ya yi sanyi, don na san wannan motsin. Kawuna, yayan mahaifiyata, maharbi ne a ƙasar Doguwa, gefen dajin Falgore. Toka yake ƙullawa a ƙyalle, in mun kusa mashaya sai ya kaɗa ƙullin ya dubi inda tokar ta bi. "Yaro, dabba tana yafe wa ido, ba ta yafe wa hanci," haka yake ce min. Yana duban sawu ya gaya maka mazo ne ko gada, mace ce ko namiji, tana gudu ko tana kiwo, har ma ko tana da ciki. Duk abin da wannan Ba'amurke ya yi a gabana, Kawu ya iya, kuma ba shi da kyamarar da ake ɗaurawa a bishiya, ba shi da taswira a waya. Amma shi jagoran nan da wannan ilimi ya gina gida, yana da lasisin hukuma, mutane na layi a kansa. Kawu kuwa ya tsufa yana gadi a wani shagon hatsi, bakansa da kwarinsa na rataye a bango.

Na daɗe ina tunanin me ya raba su, kuma abin da na gano shi ne ƙidaya. A nan ana ƙirga dabbobi, har da jirgin sama a lokacin sanyi, sannan a ce bana kaza za a cire, maza kaza, mata kaza. Da abokina ya samu nasa a farkon Nuwamba, doka ta tilasta masa kai shi wurin jami'ai cikin awa 24. Na je na gani. Aka rataye shi a sikeli, aka cire haƙori ɗaya don a san shekarunsa, aka ɗebi samfuri don gwajin cuta, aka rubuta daidai wurin da ya faɗi. Yara na tsaye suna kallo. Tunda dabbar ba ta ƙarewa, wanda ya san hanyarta ma aikinsa ba ya ƙarewa.

Mu fa? Ba wai ba mu da ƙa'ida ba ne. Kawu ba ya harbin mai ciki ko mai shayarwa, ba ya shiga daji da damina, kuma sarkin baka na iya hana mutum daji in ya yi ɓarna. Amma wannan ƙa'idar maharbi ce, shi kaɗai da Ubangijinsa. Farautar gayya daban take. Da rani a buga ganga, a cika motoci da samari da karnuka, ga gora ga barandami ga adaka, a kewaye daji a cinna wuta. Zomo, gafiya, kurege, gada da ɗanta, duk abin da ya motsa ya shiga taiki. Na bi sau biyu ina saurayi, na ji daɗin kirari da kiɗan tauri, ba zan ɓoye ba. Amma ba wanda ya taɓa tambaya nawa aka bari. Dokar kare namun daji ta Jihar Arewa tana nan a takarda tun 1963, ban taɓa ganin wanda ya karanta wa mafarauta ita ba.

Sakamakon muna ganinsa. Gwanki, kanki, mariya, ɓauna, yawancin yaranmu a karin magana kawai suka san su, sai fa wanda ya je Yankari. Kuma idan na tuna mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal don yin salla, bayan baƙin cikin zaluncin da aka yi musu, wata tambaya ba ta barina: me ya sa mafaraucin Kano sai ya tafi har kudancin ƙasa neman nama? Allah Ya jiƙan su.

Ba na cewa tsarin nan na Amurka ba shi da aibi. Yana da shi, kuma yana damuna. Jihohi da dama sukan ware takarda ɗaya ko biyu su yi gwanjonta, attajiri ya zuba dubban ɗaruruwan daloli ya tsallake layin da talaka ya yi shekara 20 a ciki. Suna cewa kuɗin na komawa gyaran daji, gaskiya ne, amma raina bai kwanta da shi ba. A Wyoming kuma, baƙon da ba ɗan jiha ba ba ya farautar manyan dabbobi a wasu dazuzzukan gwamnati sai da jagora ko rakiyar ɗan jiha. Sannan mu faɗi gaskiya, maharbin nan ba yunwa ce ta fitar da shi ba. Wanda miyar gidansa ke jiran abin da zai kamo, ba ka ce masa ya jira ƙuri'a.

Duk da haka akwai abu ɗaya da nake ƙyashinsu a kai. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji. Sharaɗinta shi ne, duk jihar da ke son kasonta sai ta haramta wa kanta taɓa kuɗin lasisin farauta don wani aiki daban. Mafarauta da kansu suka goyi bayanta, don sun ga daji na mutuwa a idonsu: elk da ake ƙiyasin sun kai miliyan 10 kafin zuwan Turawa sun koma ƙasa da 100,000 a farkon ƙarni na 20. Yau sun kai kusan miliyan ɗaya. Da mafaraucinmu zai tabbata kuɗin da ya biya zai koma dajin da ya sani, ba aljihun wani ba, na yi imani zai biya.

Kada a ce wannan sai ƙasar Bature. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Aka hana taɓa su, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, 'yan yankin suka zama masu yi wa baƙi jagora, yanzu sun haura 600. A can ba harbi ake yi ba, kallo ne, amma ilimin sawu ne dai ake saya. Na san dazuzzukanmu irin su Rugu da Kamuku yau ba su shiguwa saboda 'yan bindiga, kuma ba a ƙirga barewa inda ake tsoron rai. Sai dai idan ranar ƙirgawa ta zo, tsofaffin maharba ne za su nuna mashaya da hanyar garke, kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya zauna ya ɗauki abin da ke kansu.

Na aika wa Kawu hoton dabbar ta wayar ɗansa, sannan na kira. "Kawu, ka ga naman?" Ya yi shiru, ina jin numfashinsa. Ya tambayi wane irin ciyawa take ci, ya tambaya ko tana zuwa ruwa da asuba ko da almuru, na ba shi amsa iya abin da na gani. Sai ya ce, "Yaro, rabona da ganin gwanki tun kafin a yi maka kaciya." Daga nan ya ce in gaishe masa da jagoran, in tambaye shi ko shi ma yana barin mai ciki.