Wai zane ne kawai

Jiya da yamma a gidanmu nan Garwa na tarar da ƙanena da abokansa sun dunƙule kan waya suna ƙyaƙyata dariya. Na leƙa. Wata 'yar dabbar katun ce mai manyan idanu, masoyanta suka sake zana ta: an ɗaure ta, ana yanke mata ƙafa ɗaya bayan ɗaya, tana kiran uwarta. Har muryar kuka suka sa mata.

Na ce ya kashe. Ya ce, "Haba Yaya, ai ba ta da rai."

Na sani ba ta da rai. Kai mai dariyar fa? Wanda ya kwana yana zana hawayen nan ya san tausayi yake taɓawa, shi ya sa bai zana dutse ba. Sefa 500 ɗin da na ba ƙanena na data, a nan ta ƙare.

Mun tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba abinci. Da safe kyanwar gidan ta zo giftawa, ƙanen nawa ya sa ƙafa ya shure ta, idonsa na kan TikTok.